NANA ASMA'U 'YAR SHEHU: YARINYAR DA AKA TAYAR DAGA ƊEGEL, TA RUBUTA HANYAR DA TA BI

Duk wadda ta taɓa shiga mota daga tashar Yelwa za ta Sakkwato ta san hanyar sarai: a wuce Koko, a wuce Jega, a bi ta Tambuwal da Boɗinga. Idan motar lafiyayya ce, direba kuma bai tsaya lodi a kowane gari ba, wadda ta tashi bayan asuba tana iya yin azahar a Sakkwato. Abin da yawancinmu ba mu cika tunawa ba shi ne, wannan ƙasa da muke ratsawa muna gyangyaɗi a kujera, akwai wata yarinya da ta yi shekaru tana gewaya sassanta tare da iyayenta mata, yau a wannan zango gobe a wancan, ga yunwa ga abokan gaba a baya. Gwandu tana gefen hanyar, Sifawa kuma tana dab da Boɗinga, duk ta zauna a cikinsu. Yarinyar nan ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, Allah Ya yi musu rahama.

Mun saba jin sunanta a jikin makarantun Islamiyya da ɗakunan kwanan ɗalibai mata, kuma abin da ake yawan faɗa a kanta shi ne malama ce, marubuciya ce. Gaskiya ne. Amma kafin ta zama malamar, 'yar gudun hijira ce. Wannan ɓangare na rayuwarta nake so mu duba, domin mu nan ƙasar Yawuri zancen tashi daga gida ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Haihuwarta da gidan da ta tashi

An haife ta a Ɗegel, wani ƙauyen malamai a ƙasar Gobir, wanda yanzu yake cikin jihar Sakkwato, a shekarar 1793, wato wajen 1208 bayan Hijira. Tagwaye aka haifa, ita da ɗan'uwanta Hasan. Bisa al'ada da Husaina ko Hasana za a kira ta, amma mahaifinta ya raɗa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar (RA), wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah (SAW) da mahaifinta abinci a kogon Sauru lokacin Hijira, ita ma daga baya ta yi tata hijirar da tsohon ciki, ta haihu a Ƙuba. Kin ga ikon Allah, suna ya bi mai shi.

Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun Asma'u tana ƙarama ƙwarai, saboda haka a hannun sauran matan Shehu ta tashi, irin su A'ishatu da Hauwa'u mahaifiyar Muhammadu Bello. Gida ne da mace ba ta da uzurin zama da jahilci. Shehu ya yi kakkausar magana a littafinsa Nurul Albabi a kan malaman da suke karantar da ɗalibai a zaure alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu, kuma tun yana yawon wa'azi a Zamfara aka soke shi saboda barin mata suna halartar majalisinsa, bai fasa ba. Yayarta Khadija malama ce. Don haka allo da tawada da karatun Alƙur'ani su ne wasan ƙuruciyar Asma'u, tana jin Fulatanci a ɗaki, Hausa a bakin maƙwabta da baƙi, Larabci a littafi, har da harshen Buzaye da suke zuwa ɗaukar karatu.

Sai dai zaman bai daɗe da daɗi ba. Tun tana ƙanƙanuwa Sarkin Gobir Nafata ya kafa dokoki don rage ƙarfin jama'ar Shehu: kada kowa ya yi wa'azi sai Shehu kaɗai, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa, maza su daina naɗa rawani, mata su daina yafa mayafi. Ki lura da wannan na ƙarshe, 'yar'uwa. Rikicin tun farkonsa ya shigo har cikin ɗakin mata. Da Yunfa ya gaji Nafata sai abin ya ƙara tsami. A ƙarshen 1803 rundunar Gobir ta auka wa Gimbana a ƙasar Kabi, garin da almajirin Shehu Malam Abdussalami ya koma da mutanensa, aka kashe na kashewa, aka ɗaure sauran, maza da mata da yara, aka koro su za a kai Alƙalawa. Hanyarsu ta biyo ta kusa da Ɗegel, mutanen Shehu suka tare suka kwance su. Yunfa ya aiko cewa Shehu ya ɗebi iyalinsa kawai ya fita daga garin ya bar sauran jama'a. Shehu ya ƙi rabuwa da jama'arsa, ya zaɓi su tashi gaba ɗaya.

Daga Ɗegel zuwa Gudu, da abin da ya biyo baya

A watan Fabrairu na 1804, wanda ya zo daidai da Zulƙida ta 1218, aka bar Ɗegel aka nufi Gudu, can yamma a bakin iyakar Gobir, tafiyar kimanin mil 30. Asma'u tana da shekara goma zuwa sha ɗaya. Abin da tarihi ya fi riƙewa game da kayan da aka ɗauka shi ne littattafan Shehu, waɗanda wani malami Buzu mai suna Agali ya taimaka da raƙumansa aka ɗora. Littafi a wancan zamani ba ɗinkakke ba ne irin namu, warƙoƙi ne a sake da aka rubuta da hannu, a haɗa su a zuba a gafaka, takardar ma daga hamada fatake suke kawo ta da tsada. In warƙa ɗaya ta faɗi a hanya, shi ke nan, sai an sami wani malamin da yake da kwafi. Yarinyar da ta ga an fifita gafakar littattafai a kan sauran kayan gida a ranar tashin hankali, ai ba ta buƙatar a sake yi mata bayanin darajar rubutu.

Sauran kayan kuwa, duk matar da ta taɓa tashi ba shiri ta san lissafin. Turmi ba ya ɗaukuwa, dutsen niƙa ba ya ɗaukuwa, rumbun da aka cika da kaka ba a ciccibarsa. Abin da kai zai iya ɗauka da abin da takarkari zai iya, shi ne rabonki, ga goyo a baya ga na hannu yana kuka. Kuma lokacin sanyi ya ja baya, zafi yana shigowa, ƙasar Gudu kuwa ba ƙasa ce mai yalwar ruwa ba.

A Gudu ne jama'a suka yi wa Shehu mubaya'a a matsayin Amirul Muminina. A watan Yuni na 1804 aka yi karon Tabkin Kwatto, inda rundunar jama'a ƙarƙashin Malam Abdullahi ƙanen Shehu ta karya ta Yunfa. A littattafan makaranta daga nan sai a yi ta lissafa nasarori, kamar dai daga Kwatto komai ya miƙe. Ba haka abin ya kasance ba. Damina ta faɗi mutane ba su da gonaki, ba su da gari mai ganuwa da za su bar iyali a ciki, saboda haka duk inda mayaƙa suka nufa, mata da yara da tsofaffi da dabbobi suna biye. Aka koma Magabci ta wajen Yabo, daga nan aka sake nausawa cikin Gobir. A watan Disamba na wannan shekara aka yi karon Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa, Gobirawa da Abzinawa suka yi wa jama'a mummunar ɓarna. An rasa mutum wajen 2,000, a cikinsu kimanin 200 mahaddata Alƙur'ani ne. Maza su ne suka ƙirga mahaddatan. Mu kuwa sai mu ƙirga zawarawa da marayun da aka wayi gari da su a sansani guda, babu ɗakin da za a yi takaba a ciki. Asma'u tana cikin wannan sansani, tana gani.

Yunwa ce ta kora su Zamfara a farkon 1805, suka zauna a Sabon Gari. Zamfarawa sun karɓe su da farko, domin su ma suna da tsohuwar ƙullalliya da Gobir. Amma taron mayunwata nauyi ne a kan kowace ƙasa, kuma da wasu daga cikin mayaƙa suka shiga ɗibar abincin mutane, sai zumuncin ya lalace, masu masauki suka koma abokan gaba. Malaman jihadin da kansu ba su ɓoye irin wannan ba. Malam Abdullahi ya yi baƙin ciki da halin da ya ga wasu sun shiga na son abin duniya, har ya taɓa barin rundunar da niyyar wucewa Makka, sai a Kano aka shawo kansa ya dawo.

Bayan an ci Birnin Kabi a watan Afrilu na 1805, sai aka kwashi iyali aka koma Gwandu. Nan ma ba a huta ba. Kafin shekarar ta ƙare aka sake shan kashi a Alwasa, abokan gaba suka biyo su har Gwandu, garin kuwa a lokacin ko ganuwa ba shi da ita, mata da yara suna ciki. Allah Ya kiyaye aka kore su. A wannan zamani Muhammadu Albishir ɗan A'i ne yake sarautar Yawuri, kuma shi hanyar sulhu ya bi, ya yi amana da Gwandu, abin da ya sa sarautar Yawuri ta ci gaba da zama a hannun gidanta.

A cikin wannan hali, wajen 1807, aka ɗaura wa Asma'u aure da Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Tana da kimanin shekara 14. A watan Oktoba na 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Yunfa. A 1809 Bello ya fara gina Sakkwato, Shehu ya zauna Sifawa na wasu shekaru, ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a watan Afrilu na 1817. Idan kika lissafa, shekarun da yarinya take zama budurwa, take koyon girki da kitso da sanin kanta, Asma'u a kan hanya ta yi su. Ɗegel kuwa ba ta sake zama gidansu ba.

Waƙar Gewaye

Ta haifi 'ya'ya maza, biyu daga cikinsu, Abdulƙadir da Abdullahi Bayero, sun riƙe wazircin Sakkwato. Tana riƙe da babban gida mai yawan baƙi, domin Giɗaɗo ne mai saukar da manyan baƙin daula, har da Baturen nan Clapperton da ya zo a 1824. Duk da haka ba ta ajiye alƙalami ba. Littafinta Tanbihul Gafilina ya fito a 1820, kuma abin da ya iso gare mu na rubuce-rubucenta ya kai kimanin 60, da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Amma labarin hijirar bai fito daga hannunta da wuri ba. Sai da Bello ya rasu a Wurno a 1837. Rasuwar nan ta girgiza ta ƙwarai, domin shi ne yaya, shi ne abokin shawara a harkar ilimi, kuma da tafiyarsa sai ta duba ta ga waɗanda suka taka daga Ɗegel da ƙafafunsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ga samari sun taso cikin daula da dawaki da manyan riguna, ba su san an taɓa kwana da yunwa ba. Sai ita da mijinta suka zauna aikin tattara tarihi. Giɗaɗo ya yi nasa da Larabci, shi ne mai Raudul Jinani a kan Shehu da Alkashfu wal Bayan a kan Bello. Ita kuma a 1839 ta tsara doguwar waƙa da Fulatanci mai suna Filitago, wadda aka mayar Hausa aka san ta da Waƙar Gewaye. Shekara 35 ke nan bayan barin Ɗegel, tana da kimanin shekara 46.

Ba ita ce ta fara rubuta wannan tarihi ba. Bello ya riga ya yi Infaƙul Maisuri a 1812, Malam Abdullahi ya yi Tazyinul Waraƙati a 1813. To amma waɗannan da Larabci mai zurfi suke, sai malamin da ya yi nisa. Matar da mijinta ya kwanta a Tsuntsuwa ba za ta iya karanta su ba, haka 'yarta. Abin da Asma'u ta yi shi ne ta ɗauko labarin daga zauren malamai ta shigo da shi tsakar gida. Ta sa shi a waƙa mai ma'auni da amsa-amo, yadda mace za ta haddace tana kaɗi ko tana niƙa, ko da ba ta san baƙi ko ɗaya ba. Takarda wuta tana cinta, gara tana cinta, ana barinta a baya ranar gudu. Wadda ta ga an ɗora gafaka a raƙumi ta san wannan, don haka ta ajiye nata littafin a inda maharbi ba ya ƙwacewa, wato a ƙirjin mata.

Waƙar tana bin sawun Shehu ne tun daga yawon wa'azinsa, zuwa zaman Ɗegel, zuwa hijira, sannan zango bayan zango da karo bayan karo, da sunayen wurare da na mutanen da suka tsaya tare da shi. Ga wanda ya san Sira, zai ga yadda ta jera al'amuran suna kama da na Manzon Allah (SAW): an matsa wa masu imani a garinsu, sun fita, an yi mubaya'a, an sami nasarar farko da 'yan mutane kaɗan kamar Badar, an kuma ɗanɗani irin ɗacin Uhudu. A ganina nan ne hikimarta ta fi fitowa. Wanda aka kora daga gida, abin da ya fi yunwa ci masa rai shi ne ƙasƙanci, a riƙa kallonsa kamar almajirin da ba shi da asali. Asma'u ta nuna wa matan nan cewa hanyar da suka bi da tsumma a jiki, mafificin halitta ya bi irinta.

In da zan yi mata ƙorafi ɗaya, cikin ladabi, shi ne ba ta sa kanta a tsakiyar labarin ba. Na so a ce ta faɗa mana abin da yarinya 'yar shekara 11 ta ci a Gudu, da wanda ya riƙe hannunta daren Tsuntsuwa. Amma tarbiyyarsu ba ta ba da wannan ba, kunya da kawaici sun hana. Inda zuciyarta take fitowa fili shi ne a waƙoƙin makoki. Ta yi wa Bello, ta yi wa Giɗaɗo wanda ya riga ta rasuwa da fiye da shekara goma, ta yi wa aminiyarta A'ishatu. Abin da ya fi burge ni kuma, ta yi wa matan da ba 'ya'yan kowa ba: Halima maƙwabciyarta, da Zaharatu wadda take zama a kan mata masu naƙuda take kuma wankan gawa. Ba don alƙalamin Asma'u ba, wa zai san an yi su?

Matan ɗaya ɓangaren

Akwai wata magana da ba a cika son taɓawa ba, amma rayuwar Asma'u ba ta fahimtuwa sai da ita. Yaƙi ba gefe ɗaya yake tayarwa ba. Ranar da Alƙalawa ta faɗi, matan Gobir ne suka ɗora kaya a ka. Yaƙe-yaƙe kuma ba su tsaya a 1808 ba, an ci gaba da gwabzawa da Gobirawa da Kabawa da Zamfarawa shekara da shekaru, har zuwa babban karon Gawakuke a 1836. Ko Malam Abdussalami, wanda saboda mutanensa aka fara rikicin, daga baya ya saɓa da Bello, aka yaƙe shi a Kware, ya rasa ransa a farkon 1818. Kowane karo yana barin mata da yara da aka kamo, aka rarraba su a gidaje da ƙauyuka da garuruwan ribaɗi, an raba su da dangi, da yawansu ba su san komai na addini ba sai abin da suka gada, bori ne mafakarsu idan ciwo ko baƙin ciki ya zo.

Asma'u tana iya zama a gidan Waziri ta ce ba ruwanta, ai su ne suka kore mu jiya. Ba ta yi haka ba. Wajen ƙarshen shekarun 1830 ta kafa tsarin da aka sani da 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana daga ƙauye, ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani. Malfar nan kuwa irin wadda Innar Gobir, shugabar bori, take sawa ce. Dubi dabara: ba ta zo wa matan da baƙon abu ba, alamar shugabancin da suka saba gani ta ɗauka ta juya ta zuwa ga karatu. Jaji takan jagoranci ayarin mata, galibi tsofaffin da suka gama haihuwa da 'yan matan da ba a kai ɗaki ba, tunda matan aure suna da nauyin gida, su tako har wurin Asma'u. Su zo da 'yar sadakarsu ta hatsi ko zuma ko man shanu ko zare, ita kuma ta rabar ga mabuƙata. Su koyi tsarki da salla da tauhidi da zaman aure da haƙƙin maƙwabci, duk a waƙe, su koma su koya wa waɗanda suka bari a gida.

Wannan ne ya sa Hausa ta yi yawa a aikinta na wannan lokaci, domin ita ce harshen matan. Tun 1831 ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa. Ta yi waƙar da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani don sauƙin riƙewa, ta yi ta tawassuli da mata masu albarka, inda ta haɗa matan Manzo (SAW) da waliyyai mata na ƙasashen Larabawa da matan Ɗegel da ta sani da idonta. Ƙanenta Isa, wanda aka haifa bayan rasuwar Shehu, ya taimaka wajen mayar da wasu waƙoƙinta Hausa. Da ɗaya daga cikin jajojinta mai suna Hauwa'u ta rasu, ita ma sai da ta yi mata waƙar makoki.

Mu da namu tashin

Na ce tashi ba baƙonmu ba ne. A ƙarni na 19 rikicin sarauta da hare-haren Kwantagora sun watsa ƙasar Yawuri, aka bar Birnin Yawuri, sarauta ta yi zaman tsibiri, sai a 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya kafa ta a Yelwa. A 1968 ruwan madatsar Kainji ya haɗiye tsibirai da garuruwan bakin Kwara, aka tayar da mutane sama da 40,000, cikinsu har da Gungawa da suka gaji noman albasa da su a tsibiran. Wannan ba yaƙi ba ne, amma tsohuwar da ta bar kabarin uwarta a ƙarƙashin ruwa ba za ki gaya mata bambancin ba. Sannan ga na zamaninmu: a watan Yuni na 2021 'yan bindiga suka kwashi ɗalibai daga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri, kuma hare-harensu sun tayar da ƙauyuka a sassan Shanga da Ngaski da ƙasar Zuru, mata suka shigo gari da ƙunshin kaya a ka.

Littattafan da suka riƙe irin wannan labari a ƙasar Hausa ba su da yawa. Akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ya fito a 1934, inda uwa ta bi sawun ɗanta da aka sace har ita ma ta faɗa bauta ta ƙare a Tarabulus. Akwai labarin Baba ta Karo, wadda ta zauna ta ba wata Baturiya, Mary Smith, tarihin rayuwarta aka buga a 1954, a ciki ta faɗi yadda mayaƙan Mai Sudan na Kwantagora suka kame matan gidansu sai da aka fanso su. Wannan Kwantagorar dai da ta addabi kakanninmu. To ina na matan Yawuri? A 1806 Bature Mungo Park ya biyo Kwara ya wuce ta nan ya halaka a Busa. Shekara 24 bayan haka, a 1830, wasu Turawa biyu 'yan'uwan juna, Richard da John Lander, suka zo har fadar Sarkin Yawuri suka yi makonni suna neman littafin da ya rubuta tafiyarsa a ciki, ba su samu ba. Takardun mutum ɗaya ke nan. Mu kuwa tsofaffin da suka san sunan kowane tsibiri da wanda ya zauna a kansa suna nan a ɗakunanmu, kullum raguwa suke, ga 'ya'yanmu mata sun iya boko sun iya ajami, littafin rubutu kuma bai fi ƙarfin kowa ba.

Rasuwarta

Asma'u ta tsufa tana karantarwa. Sunanta ya kai nesa, har wani malami daga ƙasar Shingiɗi, wato Muritaniya ta yau, da ya biyo ta Sakkwato, sun yi musayar baitoci da Larabci. Sarakunan Musulmin da suka biyo bayan Bello 'yan'uwanta ne da 'ya'yan 'yan'uwanta, kuma suna jin maganarta.

Ta rasu a 1864 tana da shekara 70 da 'yan kai, aka binne ta a Hubbare, kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryamu ta karɓi ragamar 'Yan Taru, bayanta kuma aikin ya ci gaba a hannun matan gidan har cikin zamanin Turawa. Takardunta suka zauna a gidan Waziri a unguwar Giɗaɗawa, ana gadonsu hannu da hannu, har suka iso ga tattaɓa-kunnenta Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997. Shi ne ya buɗe wa wata Baturiyar Ingila mai suna Jean Boyd, wadda ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ƙofar karanta su. Ta fitar da tarihin Asma'u da Turanci a 1989, sannan a 1997 ita da Beverly Mack ta Amurka suka buga rubuce-rubucenta a haɗe cikin kundi guda, da Waƙar Gewaye a ciki.

Wadda Allah Ya kai ta Sakkwato, Hubbaren yana cikin tsohon gari, ba shi da nisa da fadar Sarkin Musulmi, kuma mata suna shiga ziyara. Allah Ya jiƙan Nana Asma'u, Ya kai haske kabarinta, amin.